Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga majalisun gudanarwa na jami'o'in Bauchi da Gombe: a horar da ma'aikaci kafin a naɗa shi shugaba

Zuwa ga shugabanni da mambobin majalisun gudanarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, Jami'ar Jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere, Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare.

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da ba kasafai take kai wa teburinku ba. Ni tsohon ma'aikacin ofishin magatakarda ne. Na yi aiki a jami'a fiye da ɗaya a Arewa har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Bauchi. Ba ni da kamfanin shirya bita, ba na neman kwangila, ba ni da ɗan da ke jiran ƙarin girma a hannunku. Na faɗi haka tun da wuri domin na san abin da ake fara tambaya idan tsohon ma'aikaci ya ɗauki alƙalami.

Buƙatata ɗaya ce. Ku kafa tsayayyen tsari na koya wa ma'aikatan jami'a shugabanci, malamai da waɗanda ba malamai ba, ku kuma rubuta a dokokin aiki cewa ba za a naɗa mutum ya shugabanci sashe ko tsangaya ko wani ofis ba sai ya bi ta cikinsa. Na kawo kukan gare ku ne saboda ku ne iyayen gida. Ɗaukar ma'aikata, ƙarin girma, ladabtarwa, dukiya da kasafin kuɗi, duk a ƙarƙashin majalisa suke. Shugaban jami'a, a jami'o'in tarayya, wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar. Ta farko tana tafiya wajen sanin gida, ta ƙarshe wajen rikicin wanda zai gaje shi, kuma ba abin zargi ba ne idan ya fi son ya bar ginin da za a nuna a ce na zamaninsa ne. Ku ma wa'adinku yana ƙarewa, amma abin da kuka rubuta a ƙa'idojin aiki yana nan bayanku.

Mu duba yadda ake zama shugaban sashe. Malami ya yi digirin digirgir a lissafi ko aikin gona ko Larabci, ya wallafa maƙaloli, ya kai babban lakcara. Wata safiya sai masinja ya kawo masa takarda cewa an naɗa shi shugaban sashe na shekara biyu, daga yau. A sabbin sassa wani lokaci ba a ma samun babban lakcara, sai a ba ƙaramin malami riƙon ƙwarya, wanda shi kansa bai gama nasa karatun ba. Daga ranar shi zai raba kwasa-kwasai tsakanin malamai, har da farfesan da ya koyar da shi. Shi zai jagoranci zaman duba sakamakon jarrabawa, ya je ya kare shi a tsangaya da majalisar malamai. Shi zai cika fom ɗin tantance aikin kowa na shekara, wanda ƙarin girman mutum ya rataya a kai. Shi zai riƙe ɗan kuɗin gudanarwa ya kawo rasit, shi zai tarbi tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, idan ta zo tantance kwas, kuma ofishinsa uwa za ta shigo tana kuka don an ce ɗanta ya kwashe kayansa ya koma gida. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya karanta a digirinsa uku.

A wata jami'a da na yi aiki, wadda ba zan kama sunanta ba, na ga sabon shugaban sashe ya shiga ofis ya tarar da kabad a kulle, wanda ya gada kuwa ya tafi hutun bincike na shekara guda a wata jiha. Sakamakon ɗalibai na zangunan baya yana cikin kwamfutar wancan ta kansa. Babu takardar miƙa aiki, ko layi ɗaya. Mutumin kirki ne, haziƙi a fanninsa, amma ya kwashe zangon karatu yana bin akawu da sakatare yana tambaya a ɓoye, don kunya ba ta barinsa ya tambaya a gaban jama'a. Ɗaliban da suka gama karatu suka zauna a gida, takwarorinsu na wasu sassan suka tafi hidimar ƙasa suka bar su. A kowace tashar mota a Bauchi ko Gombe, ba a damƙa wa mutum bas don kawai ya daɗe yana shiga mota. Sai ya yi yaron mota, ya iya ɗaurin kaya, ya san ramukan hanyar Alkaleri, ubangidansa ya zauna a gefensa ya ga tuƙinsa. Mu kuwa da muke ba mutane shaidar cewa sun ƙware, mun yarda cewa daɗewa a aji ta isa mutum ya riƙe ragamar mutane.

Inda rashin horo ya fi yi wa jami'a tsada shi ne wajen ladabtarwa, kuma a nan zan ɗan tsaya. A 1983 an yi tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna. Jami'a ta kafa kwamitin bincike ta ɗora mataimakin shugaban jami'a a kansa, alhali shi ma yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Aka kori ɗalibai. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 ta rushe korar a shari'ar da lauyoyi suka sani da Garba da Jami'ar Maiduguri. Kotun ta ce wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali a kan laifin, kuma zargi irin na ƙone-ƙone da sata aikin kotu ne. A Ilorin kuma malamai 49 aka sallama a 2001, a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su a biya su haƙƙinsu na duk shekarun. Waɗannan shari'o'i kowane ɗalibin lauya ya san su. Amma ku tambayi mutanen da ake zubawa a kwamitin satar amsa ko kwamitin ladabtar da ma'aikata ko an taɓa zaunar da su an karanta musu sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Sau da yawa mai laifin ya yi laifin da gaske, kowa ya sani. Sai dai ba a ba shi takardar tuhuma a rubuce ba, ko ba a bar shi ya yi wa mai shaida tambaya ba, ko wanda ya kai ƙara shi ne ya rubuta rahoto. Bayan shekaru sai kotu ta dawo da shi da kuɗin jama'a, ya shigo ofis yana taƙama, nagartattun ma'aikata su ga ashe gaskiya ba ta da riba. Zaman yini biyu da lauyan jami'a zai toshe mafi yawan waɗannan ƙofofi.

Sai waɗanda ba malamai ba, mutanena. Idan aka ce horar da ma'aikatan jami'a, hankali yana tafiya ga digiri na biyu da na uku, wato ga malamai. Amma ɗalibin da ya zo daga Ningi ko Dukku ko Ɓalanga, kafin ya ga fuskar farfesa ya ga ta mai gadi, ya ga ta akawun rajista, ya ga ta mai kula da ɗakin kwana da ta ma'aikaciyar asibitin makaranta. Abin da suka yi masa a makon farko shi yake kai wa gida a matsayin halin jami'a. Jami'in mulki yana shigowa da digiri, ya hau mataki-mataki daga mataimakin magatakarda zuwa babba zuwa muƙaddashi, kuma duk abin da ya iya ya koye shi ne daga wanda aka zaunar da shi a ƙarƙashinsa. Idan ya dace da ubangida mai tsari, ya fito da tsari. Idan ya faɗa hannun wanda ke ɓoye fayil a durowa don a riƙa zuwa ana roƙonsa, to wannan ya koya, kuma shi zai koya wa na bayansa. Gyaran doka na 2012 ya taƙaita wa'adin magatakarda da ma'aji da shugaban ɗakin karatu na jami'o'in tarayya zuwa zango ɗaya na shekara biyar. Ma'ana kowace shekara biyar kuna buƙatar sabon mutum da zai zama sakataren majalisarku da na majalisar malamai, ya riƙe hatimin jami'a, ya iya ce wa shugaban jami'a "ranka ya daɗe, doka ba ta yarda ba" cikin ladabi ba tare da gwiwarsa ta yi sanyi ba. Irin wannan mutum ba a samunsa ranar intabiyu. Ana renonsa ne tun yana ƙaramin jami'i a ofishin tsangaya. Haka babban masanin ɗakin gwaje-gwaje da ke riƙe da na'urori na miliyoyin naira da yara goma a ƙarƙashinsa, haka shugaban masu gadi da zai fara fuskantar ɗalibai ranar da ruwa da wuta suka ɗauke a ɗakunan kwana. Su ma shugabanni ne, ko da ba a kiransu taron manya.

Za a ce mini ai ana zuwa bita. Ana zuwa, na gani. Otal a Abuja ko Kaduna ko Jos, jaka mai tambari, shayi da ƙarfe goma sha ɗaya, hoto a bakin ƙofa, satifiket ranar ƙarshe, sai kuɗin kwana. Mai gabatarwa ya zo da darasin da ya shirya wa ma'aikatan banki, ya canza sunan da ke shafin farko. Sunayen masu tafiya sukan fito ne dab da ƙarshen shekara, lokacin da ake gudun kada kuɗin ya koma, kuma fuskokin ba sa canzawa sosai. Ba na zagin kuɗin kwana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wanda ya ga abin da albashi ke saya a kasuwar Wunti ba zai ga laifin ma'aikacin da ke addu'ar sunansa ya fito ba. Amma a kira abin da sunansa, tallafi ne. Mutum ya dawo ranar Litinin, ba wanda ya tambaye shi me ya koyo, ba wanda ya ba shi dama ya gwada, satifiket ya shiga fayil ya jira lokacin ƙarin girma. Akwai wuraren horo na gaskiya a ƙasar nan. Kwalejin ASCON da ke Topo a Badagry tun 1973 take horar da jami'an mulki, ga kuma cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki ta Kuru kusa da Jos tun 1979. Sai dai Kuru ta manya ce waɗanda suka kusa ƙololuwa, Badagry kuwa mutum nawa jami'a za ta iya turawa a shekara, da kuɗin mota da masauki na yau?

Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantu, ya yi wa jami'o'inmu abin da ba a mantawa. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da gwamnati ta 1992, aka yi dokar harajin ilimi a 1993, aka sake masa fasali da suna a 2011. Harajin ya fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, ya kai kashi 3 a 2023. Da wannan kuɗi ɗimbin malamanmu suka yi digiri a gida da waje, kuma da wuya ka shiga harabar jami'ar Bauchi da ke Gubi ko ta Kashere ko ta Gadau ba ka ga tambarin asusun a jikin gini ba. Amma tallafin karatunsa an tsara shi ne don malami ya zurfafa a fanninsa. Yana fitar da masanin sinadarai mai digiri uku, bai ɗauki alkawarin fitar da shugaban sashen sinadarai ba. Wannan giɓin naku ne ku cike.

Abin da nake roƙo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, inda ma'aikatan En'e da na gwamnatin Arewa suka riƙa zuwa koyon lissafin baitulmali da shari'a da riƙon ofis, kafin ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mutanen wancan zamani sun fahimci cewa idan Bature zai tafi, dole a shirya wanda zai zauna a kujerarsa tun bai tashi ba. Mutumin da jami'ar Bauchi ke ɗauke da sunansa ma da tsani ya hau. Ya fito Kwalejin Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, a 1950 kuma ya tsaya a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. A garin nan ne kuma, a farkon shekarun 1940, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa zama a zauren tattaunawa suna muhawara kan yadda ake mulkin jama'a. Jami'o'i biyu daga cikin naku suna amsa sunayen mutanen wannan zaure. Ya kamata a ce a nan aka fi ko'ina ɗaukar koyon shugabanci da muhimmanci.

Ga shi kuma aikin ya ƙara nauyi a kan yadda muka same shi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 tana iya kai shugaban sashe gaban hukumar bincike a kan kujeru ashirin da ya saya da kyakkyawar niyya. Asusun bai ɗaya na kuɗaɗen gwamnatin tarayya ya zo a 2015, JAMB ta kawo tsarin ba da gurbin karatu ta intanet a 2017, NUC ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen 2022 wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, ga rancen ɗalibai na NELFUND tun 2024 da ke buƙatar sahihan bayanan kowane ɗalibi. Kowane ɗaya daga cikinsu a kan teburin wani ƙaramin shugaba yake sauka, kuma takardar umarni kawai ake aiko masa.

Shawarata ita ce ku haɗa hannu ku yi abin a gida. Jami'ar Bauchi tun 1980 take, ta zauna ƙarƙashin Zariya daga 1984 zuwa 1988, ta ga jiya ta ga yau, tana da tsofaffin hannu. Ta jihar Gombe ta 2004 ce, Kashere da Gadau na 2011, Azare kuwa ta 2021, har yanzu tana kafa al'adunta, kuma abin da ta saba da shi a shekarunta goma na farko shi zai bi ta. Tsakanin Bauchi da Gombe tafiyar kimanin kilomita 150 ce, Gadau da Azare kuwa maƙwabta ne. Har 1996 jiha ɗaya muke. Babu dalilin da zai sa kowace ta ɗauko nata ɗan kwangilar daga nesa. A yi zama biyu ko uku a shekara lokacin hutu, a riƙa zagayawa, wannan karon harabar Yelwa a Bauchi, na gaba ta Tudun Wadan Gombe, a kwana a masaukin baƙin jami'a, a ci abincin makaranta. Akwai wata fa'ida da haɗuwar ke kawowa wadda ba a rubuta ta a jadawali. Jami'in jarrabawa na Kashere da ya kwana ɗaki ɗaya da na Gadau ya samu wanda zai kira a waya ya tambaya ba tare da tsoron a yi da shi a ofis ba.

Masu koyarwa kuma suna nan a unguwanninmu. Tsofaffin magatakarda da ma'aji da shugabannin tsangaya da suka yi ritaya suna zaune a Bauchi da Gombe da Azare, ana gaishe su a masallaci da coci, ba wanda ke tambayarsu abin da ke cikin kansu. A haɗa su da malaman sashen koyon mulki da na shari'a da kuke biya albashi. Darasin kuma a ɗauko shi daga fayilolinmu, a goge sunaye. Ga rikicin rabon kwas tsakanin malamai biyu, yaya za ka yi? Ga ɗaliba ta zo da ƙorafin malami yana matsa mata, wa za ka fara kira, me za ka rubuta, wa bai kamata ya ji ba? Ga kuɗin dizal ya ƙare saura mako biyu jarrabawa. Ga dattijo sa'an mahaifinka a ƙarƙashinka, ba ya zuwa aiki sai ranar albashi, kuma limamin unguwarku ne ya kawo shi. Wannan na ƙarshe shi ne ainihin jarrabawar shugabanci a wurinmu, kuma babu littafin Turawa da zai amsa maka shi. Mu mutane ne masu kunya da kara, abin alfahari ne, amma shugaban da ba a koya masa yadda zai haɗa girmama na gaba da tsayar da doka ba, ɗayan biyu yake zama. Ko ya yi shiru aiki ya lalace, ko ya yi tsawa ya tara maƙiya. Akwai hanya a tsakani, ta kiran mutum gefe, ta sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana, ta rubuta takarda bayan an yi ta baki, kuma ana koyonta wurin waɗanda suka yi ta. A koya musu jan taro ya ƙare cikin awa ɗaya da matsaya a rubuce. A koya musu karanta kasafin kuɗi. Ga waɗanda ke shugabantar direbobi da masu gadi da leburori, a yi zaman da Hausa, tunda da ita ake aikin.

Lokacin horon shi ne muhimmi. A sanar da wanda zai gaji kujera wata uku kafin ranar, ya zauna kusa da mai barin gado, ya bi shi taron tsangaya, ya ga zagayen jarrabawa guda daga saita tambaya har kai sakamako. Takardar miƙa aiki kuma ta zama dole, da kwafi a ofishin magatakarda, kuma kada a sa wa kowa hannu a takardar hutun bincike ko ta sallama sai ya miƙa ta. Wannan ko kwabo ba ya ci.

Zaɓen masu shiga shi ne inda abin zai gyaru ko ya ɓaci. Idan aka bar shi a hannun mutum ɗaya, cikin shekara biyu zai zama wata hanyar saka wa 'yan gaban goshi. A ɗaura shi da matakin aiki, duk wanda ya kai mataki kaza ya shiga layi, a manna jerin a allo kowa ya gani. Bauchi da Gombe gidan kowa ne, akwai Bahaushe da Bafulatani da Bajari da Basayi da Batangale da Batere da Babole, Musulmi da Kirista, kuma kun fi ni sanin yadda naɗin shugaban tsangaya ɗaya ke iya zama maganar gari. Jeri a fili yana kashe rabin zargin. Ku kuma lura da mata. Yawancin bitar da ake kai wa otal a wani gari na mako guda tana tace su tun kafin a fara, domin mai goyo ko wadda maigidanta bai saki jiki da tafiyar ba za ta ce a ba wani. Bayan shekara goma sai a ce an duba ba a samu macen da ta cancanta ba. Zaman da ake yi a harabar makaranta da rana yana buɗe musu ƙofa ba tare da an yi wani dogon jawabi ba.

Na san abin da za a ce a zauren majalisa. Za a ce babu kuɗi, ga kuɗin wuta ya ninka, ga bashin alawus. Gaskiya ne, amma ku sa ma'aji ya kawo muku jimillar abin da aka kashe bara a tafiye-tafiyen bita da kuɗin lauyoyi a shari'o'in ma'aikata, ku ware kashi ɗaya bisa huɗu, ya isa a fara. Za a ce idan an horar da su za su gudu. Waɗansu za su tafi, kamar yadda likitoci da malamai ke tafiya yanzu ba tare da an horar da su shugabanci ba. Mafi yawa suna nan har shekara 65, farfesoshi har 70, kuma su za su riƙe ofisoshin ko an koya musu ko ba a koya ba. Wani dattijo kuma zai ce shugabanci baiwa ce daga Allah. Na yarda haƙuri da kwarjini baiwa ne. Rubuta takardar tuhuma daidai da doka kuwa koyo ake yi.

Tsorona ɗaya ne, kada a amsa wannan wasiƙa da sabuwar cibiya mai darakta da mataimaka biyu da mota da allon suna. Jami'i ɗaya mai himma a ofishin magatakarda da ƙaramin kwamiti sun isa. A sa wakilan ƙungiyoyin ma'aikata, wato ASUU ta malamai da SSANU da NASU da NAAT na waɗanda ba malamai ba, a ciki tun daga farko. Yajin aikin 2022, wanda na malamai ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, da riƙe albashin da ya biyo baya, sun bar ciwo tsakanin ma'aikata da hukuma, da kuma tsakanin ƙungiyoyin su kansu. Duk abin da ya sauko daga sama ba da su ba za a karɓe shi da zargi. Shugabannin ƙungiyoyin ma ba su fi ƙarfin zama a ajin ba, tunda da yawa daga cikinsu su ne shugabannin tsangaya na gobe.

Kada kuma a auna nasara da yawan satifiket. A auna ta da abin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci za su gani, wato mako nawa sakamako ke ɗauka kafin ya fito bayan jarrabawa, wata nawa tsohon ɗalibi ke jira kafin a aika masa cikakken sakamakon karatunsa, shari'a nawa jami'a ta faɗi a kotu saboda kuskuren tsari, takardar ƙarin girma nawa ta kwana a tebur har shekara ta wuce. Waɗannan alƙaluma suna ofisoshinku, tattarawa kawai suke jira.

Ranku ya daɗe, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Roƙona na kusa shi ne a zamanku mai zuwa ku umarci magatakarda ya kawo muku takarda ɗaya mai ɗauke da sunan duk wanda ke shugabantar sashe, tsangaya, cibiya ko ofis a jami'arku, da ranar da aka naɗa shi, da horon da aka ba shi a kan aikin kafin ranar, da kuma ko ya karɓi takardar miƙa aiki. Idan kun karanta ta, sai shugabannin majalisun biyar su sa rana su haɗu, a Bauchi ko a Gombe, kafin a shiga kasafin kuɗin baɗi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ofishin magatakarda,
Bauchi.